Yadda Hulata Ta Tare Mini Ciniki

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu mai koya mini komai a harkar kasuwa, na tafka wata wauta da har yau 'yan kasuwar Sabon Birni ba su manta ba. Tunda kuna yawan tambayata a nan dalilin da ya sa ake ce mini Mai Hula, gara in faɗa da bakina kafin wani ya ƙara gishiri.

Sana'ata sayar da irin albasa, wurin mahaifina na gaje ta. Irin albasa ba shi da haƙuri: in bai tafi a shekararsa ba, baɗi rabinsa ba zai tsira ba. A waccan shekarar Allah ya ba ni iri fiye da abin da masu zuwa rumfata za su iya saye. Ga damina ta kusa ɗaukewa, manoman fadama sun fara gyaran wurin yafin iri. In wata biyu suka wuce, wahalar shekara guda ta tashi a banza.

Ɗiyar ƙanwata ta zo gaishe mu daga Sakkwato. Can take da ofishinta, aikinta yi wa 'yan kasuwa shafin intanet. Ta dubi buhunan ta ce, "Kawu, manoman Isa da Bafarawa har da na ƙetaren iyaka duk suna da waya. Bari in yi maka shafi su same ka."

Bayan mako guda ta dawo, ta tarar da ni a majalisa da abokaina, ta miƙo mini waya. Na ga farin fili, hoton iri a tafin hannu, layi uku na rubutu, da wani koren madanni na kira. Shi ke nan.

Na ce, "Wanga shi ne aikin? Ina hotona? Mu da kakanninmu suka fito daga Alkalawa, tsohon birnin Gobir, a nuna mu da layi uku?"

Ta ce a hankali, "Kawu, manomi iri yake nema, ba tarihi ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. A gaban mutane na ce ta je ta yi wa masu sayar da alawa. Ta mayar da wayarta jaka, ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu," ta tafi.

Sai na nufi wani mai buga kalanda a bakin tasha, na ce ya yi mini shafin. Shi bai yi mini musu ko sau ɗaya ba. "Alhaji, mi kake so? Duk za ni sa maka." Na ci babbar riga, na kafa doguwar hulata ta zuwa biki, aka ɗauke ni hoto. Aka sa tarihin gidanmu kaf, aka sa muryar maroƙi yana wasa ni, aka sa taurari masu walƙiya. Lambar wayata kuwa tana can ƙarshe, bayan kakana na huɗu. A babbar kwamfutarsa abin ya buɗe fes, har na ji ƙwalla. Na sa aka buga adireshin a takardu, na raba wa 'yan kabu-kabu su kai ƙauyuka.

Mako uku, ko kira ɗaya.

Ranar kasuwa sai ga abokina Bayarabe, dillalin albasa. Kun san mu Gobirawa da su, ba a haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Tun daga nesa ya ɗaga murya, "Kai Bagobiri, bawana! Yaushe ka koma sayar da hula?"

Na ce, "Mai cin barkono, mi ya faru kuma?"

Ya ce, "Na buɗe shafinka a hanyar Burkusuma. Na jira, na sha ruwa, na yi alwala, na yi salla, na dawo. Hula kawai ta fito! Ko tsagen fuskarka ban gani ba."

Wani Bafulatani da ke noma albasa da rani ya ce, "Wallahi ni ma hular na gani. Datata a goshinsa ta ƙare."

Layin rumfuna ya ɗauki dariya. Na ciro wayata don in ƙaryata su. Hoton ya fara saukowa daga sama, a hankali, a hankali, ya kawo bakin hula ya tsaya cak. Ashe nauyi ya yi masa yawa, sabis ɗinmu na nan ba ya iya ɗauka. Kafin la'asar har mai shayi Mai Hula yake ce mini.

Da na ba uwargida labari, sai da ta gama dariya ta ce, "To, ka sa hular ka je ka ba yarinya haƙuri."

Washegari na hau mota zuwa Sakkwato. Da ta gan ni a ƙofar ofis ta miƙe, "Kawu, ai da ka kira na zo." Na ce mai laifi shi ke zuwa. Na ba ta haƙuri, ta yi murmushi ta ce za ta sake yin shafin, amma a fadama za a gwada aikin, ba a ofis ba.

Haka aka yi. Ta nemo tsohuwar waya irin ta manoma, muka hau kabu-kabu zuwa inda sabis ya fi rauni. Ta tambayi wani dattijo da ke ban ruwa, "Baba, in za ka sayi iri, mi kake fara tambaya?" Ya ce, "Zai tsira?" Sai ta sa na jiƙa iri a tsumma, da ya tsiro ta ɗauki hotonsa ta sa a saman shafin. Saboda waɗanda ba su karanta boko ba, ta ce in yi bayani da muryata, gajere. Sau shida muna sakewa, don kullum da Alkalawa nake farawa. Daga baya ta ce, "Kawu, ka bar kakanni su huta, ka faɗi inda rumfa take."

Tana taɓa wayar nan, shafi ya buɗe kafin in gyara zama. Sai na hango wani ɗan zane a kusurwa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Hulata ce.

Na ce, "Ke ma tsiya za ki yi mini?"

Ta ce, "A'a, Kawu. Da ita aka san ka yanzu, mi zai sa mu yar da ita?"

Kwana biyu waya ta fara ƙara. Mutumin farko daga wajen Isa ya kira, ko sallama bai gama ba ya ce, "Mai Hula ne?" Na haɗiye girman kaina na ce shi ne. Kafin lokacin yafi ya wuce, tiya biyu suka rage mini, su ma na shuka a gonata.

Abin da na gane shi ne, mai aikin da ke ce maka "to" a komai jin daɗinka yake nema, wanda ya san aikinsa kuwa mai sayen kayanka yake tunawa. Ni da ba zan yarda wani ya koya mini tankaɗen iri ba, na tashi ina koya wa mai sana'a sana'arta. Abin da ya fi damuna ba dariyar kasuwa ba ce, maganar da na faɗa mata a gaban mutane ce. Shi ya sa da ta zo da Salla, na kai ta majalisar nan, a gaban mutanen nan, na ce ni na yi kuskure, ita ce gwana. Ta sunkuyar da kai don kunya.

Bayaraben yana wurin, ya ce, "A rubuta ranar nan, Bagobiri ya ba da haƙuri!"

Hular tana nan. Yanzu in ba ita a kaina, baƙin manoma wuce rumfata suke yi.