Ranar da Inna ta gaisa da malamata ta Japan

Ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukumar Batsari na ji labarin wani kwas na noman shinkafa a Japan, wanda sai ka ɗan iya yarensu za a ɗauke ka. Ni kuwa in abu ya shiga raina sai na ga bayansa. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wata tsohuwar malamar makaranta a can, wadda ta yi ritaya, take koyar da baƙi kyauta ta wayar bidiyo. Bayan sallar asuba muke karatu, lokacin su rana ta yi musu.

Inna, mahaifiyata, tana wurina tun da zama a garin Runka ya gagara. Da farko dariya take yi mini. Ta ce kullum da safe sai ta ji ni a ƙarƙashin dalbejiya ina magana kamar mai shan kunu da zafi.

Yaren ya ba ni wuya, amma gaisuwarsu nan da nan na kama ta: ka tsaya cak, hannuwa a gefe, ka sunkuyar da kai da ƙirji. Na yi ta gwadawa har jikina ya saba, ina yi ban sani ba. Ranar kasuwa kuwa sai ga Kawu, yayan Inna, ya zo daga Zakka sayar da tunkiya. Maimakon in tsuguna, sai na ƙame a gabansa na yi masa ta Japan, a gaban dillalai.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, “Bayanka ke ciwo, ko ƙafar ce ta ƙi lanƙwasuwa?”

Kafin in isa gida maganar ta riga ni. Na tarar da Inna ba fara'a. Ta ce, “Yayana za ka gaida a tsaye kamar soja? To ka ji, ƙasar da ba a durƙusa wa manya, in ka je ba da yawuna ba.”

Inna kuwa ba ta magana biyu, ni kuma ko Katsina ba na zuwa ba da albarkarta ba. Na yi ta ba da haƙuri. Daga ƙarshe ta ce a nuna mata wadda ke koya mini, ita daga gaisuwa take gane mutum.

Washegari na jingina wayar a kan taga, Inna ta yafa mayafinta na zuwa biki ta tsaya a gabanta tana cika tana batsewa. Malama ta bayyana, kanta fari fat. Inna na ganin furfurar nan ta manta da faɗan da ta shirya, ta zube ƙasa ta durƙusa. Wayar kuwa tana can sama, don haka Inna ta ɓace daga hoto.

Malama ta sunkuya, ta ɗago, ba kowa sai bangonmu da wata kaza tana wucewa. Da guntun yaren da na iya na ce mata, “Uwata tana ƙasa. Girmamawa.” Sai na ga ta zaro ido, ta ture kujera, ita ma ta yi ƙasa. Abin da ya rage a wayar kujera ce da labule.

Haka aka yi gaisuwar, murya biyu ba fuska. Inna ta jero su: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Ni ina tsakiya ina fassara, gumi na zubo mini, don malama ba ta taɓa koya mini yadda ake tambayar lafiyar awaki ba. Na ce wa Inna ta tashi, ta ce ba ta riga babba tashi. Na ce wa malama ta tashi, ta ce sai mahaifiyar ɗalibinta ta fara. Ga Inna da ciwon gwiwa, ga katin waya yana ƙarewa.

Da Inna ta zo kan “ya yara”, na mayar wa malama tambayar da yarenta. Ta ce ɗanta ɗaya ne, yana babban birni, aiki ya yi masa yawa, bai cika kira ba. Na fassara. Na tuna ni ma tafiya nake shirin yi, na ji tausayinsu su biyun ya kama ni.

Sai da na kama Inna na ɗaga ta. Tana dafe da gwiwa ta ce, “Matar nan an yi mata tarbiyya. Kai ne ɗalibin banza, ka ɗauko gaisuwar tsaye ka baro ta ƙasa. Gobe ka hau mashin ka tafi Zakka ka tsuguna wa kawunka.”

Na ce to. Na tambaye ta maganar tafiya, a hankali.

Ta ce, “Allah ya kai ka lafiya. In ka sauka, gidanta za ka fara zuwa.” Ta juya tana gyara mayafi, ba ta dube ni ba. “Kuma ka koya mini yadda ake taɓa abin nan. In ka kira, a kujera zan zauna, don ka gan ni.”