Akwatin ɗan Safo

Na daɗe ina ɗari-ɗarin rubuta wannan, kada in fama wa wasu tsohon miki.

Shagon ɗinkina yana bakin babban titin Madarunfa, inda 'yan koleji ke cika hanya da shewa. Shekarun baya, daf da babban hutu, wani ɗalibi ya ba ni ajiyar akwatin ƙarfe. Ya ce, "Baba, sai an koma lekol," wato makaranta. Ɗan Safo muke kiransa, ban taɓa tambayar sunansa ba. Bai dawo ba.

Ban buɗe akwatin ba, amana ce. Har yau, da yara sun taso, nakan tsayar da keken ɗinki, in ji kamar sallamarsa.

Yana da tabon ƙuna a hannun hagu. Wanda ya san danginsa, don Allah ya sanar da ni.