Noelene Pascoe, Mai Raba wa Yara Hanya

Duk shekara idan Janairu, wanda a yankinmu shi ne tsakiyar lokacin zafi, ya kusa ƙarewa, saura mako guda a koma makaranta, Noelene Pascoe takan tashi tun kafin zafi ya kankama ta wanke motar ɗaukar yara. Ba ta gaggawa. Ta kakkaɓe yanar gizo daga madubai, ta share matattun ƙudaje, ta tsinto ɓawon lemon da ya kwana mako shida a ƙarƙashin kujerar baya. Sannan ta cika gorar shayi, ta tada mota, ta kama hanya ita kaɗai.

Babu wanda ya sa ta wannan fita. Daga makaranta zuwa ƙofar gona ta ƙarshe kilomita hamsin da biyu ne, kuma takan bi su duka don ta ga inda ruwa ya ci hanya da inda reshe ya faɗo. A wannan makon duk yankinmu gyangyaɗi yake yi. An gama girbin alkama, yara suna cikin tafki har yatsunsu su yi tamoji, iyaye mata suna zaune a baranda suna rufe littattafai da leda, suna rubuta suna a cikin malafa. Hanya tana kawalwalniya, bishiyoyin turare kamar a kan ruwa suke tsaye. Noelene tana ratsa wannan shiru a hankali, taga a buɗe, tana tsayawa a duk ƙofar da ta san akwai ɗan shekara biyar da zai fara makaranta.

Ga abin da ya sa muke jinjina mata. Kowane sabon yaro sai ta ɗauke shi yawon gwaji, ta ce ya zaɓi abu ɗaya a bakin hanya, ya zama nasa har abada. Daga ranar, duk safiya idan mota ta zo wucewa, yara gaba ɗaya za su gaida abin da sunan mai shi. "Ina kwana, famfon Bronwyn!" "Ina kwana, firjin Clem!" Na farkon famfon ruwa ne mai aiki da iska, na biyun kuma wani tsohon firji ne da aka mayar akwatin wasiƙa. 'Yan biyun gidan Duffield sun yi kokawa a kan dutse guda, sai ta ba ɗaya gabas, ɗaya yamma, aka zauna lafiya. Dalilinta shi ne yaro ƙarami bai san kilomita hamsin ba, abin da ya sani kawai shi ne jiran abu na gaba.

Clem Ridgway yanzu makanikin tarakta ne, ga gemu ga tumbi, amma har gobe ba ya wuce firjin nan bai danna hon ba. "Matata cewa take kaina ba daidai yake ba," in ji shi. "Na ce ke, firjina ne fa. In ban gaishe shi ba, wa zai gaishe shi?"

Ke ce, Noelene, mai ajiye malafa uku a bayan kujera saboda kin san wanda ya manta tasa ba a barin shi wasa a rana. Ke ce ranar da rafi ya cika kika shigar da yara goma sha ɗaya rumfar askin tumaki, kika raba musu burodinki, kika sa su waƙa har ruwan ya janye. Shekara talatin da ɗaya kina wannan aiki, ba a taɓa sa hotonki ko a takardar sanarwar makaranta ba, kuma ni dai abin yana ba ni haushi.

Bana likita ya duba idanunta ya ce bayan ƙarshen Janairu ba za ta ƙara ɗaukar yara ba. An samo sabon direba daga gari. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, amma tana jin tsoron safiyar da za ta farka babu inda ake jiranta. Duk da haka ta wanke mota ta fita yawonta na ƙarshe.

A ƙofa ta ƙarshe ta tarar da Bronwyn Tuckwell, mai famfon iskan nan, wadda yanzu ita ma uwa ce. Idanunta sun yi ja. 'Yarta Hattie ta jefa sabbin takalman makaranta cikin kwamin shan ruwan tumaki, ta shige ƙarƙashin baranda da karenta, ta ce ba za ta shiga motar kowa ba. Bronwyn da mijinta ba za su iya barin tumaki su riƙa kai ta suna ɗaukowa kullum ba. Sun riga sun yanke shawara: idan ta ƙi mota, za a kai ta gidan gwaggonta a gari, Litinin zuwa Juma'a.

"Shekararta biyar fa, Misis Pascoe," in ji Bronwyn. "Ko haƙorin gaba bai fita ba. Ta yaya zan yi kwana huɗu ban gan ta ba?"

"Sau nawa zan ce miki ki bar kirana Misis, Bron? Ke ma ai cizo na kika yi ranar farko. Ga tabon nan."

Noelene ba ta leƙa ƙarƙashin barandar ba. Ta zauna a kan matakala, ta tsiyaya shayi, ta ɗaga murya. "Ni dai na zo ne in faɗa miki kayan hanya sun kusa ƙarewa. Saura busasshiyar bishiya da gada. Tunda babu mai so a nan, sai in kai wa ɗan gidan Duffield."

Can sai wata 'yar murya ta fito daga ƙarƙashin katako: "Shi ai majina yake ci."

"Wannan kuma gaskiya ne, 'yar tsako. To fito ki gani da idonki."

Hattie ta fito ba takalmi, gwiwoyi duk jar ƙasa, ta shiga mota tare da kare, uwarta na biye. Noelene ta tuƙa a hankali tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, na waɗanda suka girma, na waɗanda suka koma birni, har na wanda ya rasu, don ba ta taɓa karɓe wa kowa abinsa ba. Iska mai ɗumi tana shigowa da ƙanshin busasshiyar ciyawa. Da suka zo famfon iska, Bronwyn ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, tana jin kunya. Hattie kuwa ta haɗe rai. Aka nuna mata bishiya ta girgiza kai, aka nuna mata gada ta girgiza kai.

"Me ya same su?" in ji Noelene.

"In na gaishe su ba za su amsa ba."

A shekara talatin da ɗaya babu yaron da ya taɓa faɗa mata haka. Ta hango Bronwyn ta madubi ta sunkuyar da kai. Suka ci gaba da tafiya har kwanar da hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta, inda wani ƙaramin gida mai koren rufi yake.

"Gidan wa ne wancan?" in ji Hattie.

"Nawa ne."

"Ke za ki riƙa tuƙa mu?"

Noelene ta rage gudu. Da ta ce eh, da yarinyar ta yarda nan take, amma ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya a cikin motar nan ba. "A'a, 'yar tsako. Idanuna sun gaji. Wani ne zai tuƙa ku."

"To ke ina za ki?"

"Ina nan zaune a gida, ina damun kaji."

Hattie ta daɗe tana kallon gidan, kare yana lasar ƙafarta. Sannan ta ce, "To ke na zaɓa."

"Ni ai ba kayan hanya ba ce."

"Kina bakin hanya. Kuma ba ki da mai ke."

Bronwyn ta juya tana kallon taga. Noelene ta tsayar da mota ta ce ƙura ce ta shige mata ido, ko da yake a kan kwalta suke.

Ranar da aka buɗe makaranta, Hattie ta sa takalman da suka bushe suka ƙanƙance, ta shiga motar sabon direba da ƙafarta. Ƙarfe takwas saura minti goma, Noelene tana tsaye a ƙofar gidanta da tsohuwar malafa da kofin shayi, kamar ita ce za ta fara aji ɗaya. Ta hango motar tana fitowa daga kawalwalniya, rawaya, kamar ba ta taɓa ƙasa. Direban ya rage gudu, duk tagogi suka cika da kawuna, murya goma sha tara ta tashi lokaci guda:

"Ina kwana, Misis Pascoe ta Hattie!"

"Lafiya lau!" in ji ta. "Ku mayar da kawunanku ciki!"

Hattie a gidan uwarta take kwana har yau. Mun gode, Noelene, a madadin duk wanda kika taɓa ba wa dutse ko firji don kada tafiya ta yi masa nisa. Ku kuma masu ɗan shekara biyar a gida, ku koyi wannan dabarar, ku ba shi abin da zai jira a kan hanya. Kuma in kun biyo ta kwanar nan da safe, ku rage gudu ku gaishe ta. A duk kayan hanyar nan ita kaɗai ce take amsawa.