Jiminar da Kakata Ta Gani

Duk sa'ad da na buɗe akwatin ƙarfen mahaifiyata, ƙamshin turaren sandal da tsohon yadi kan mayar da ni gidanmu na unguwar Alsawra a Omdurman, ƙarƙashin rumfa, da la'asar. Nan kakata take zama da farin ƙyalle a cinya tana ɗinki, zare ya haye ɗan'uwansa a gicciye, gida bayan gida, kamar mai shuka.

Jimina take ɗinkawa. Ta ce ta gan ta tana yarinya, a hanyar Madina, lokacin da mahaifinta ya ɗauko su daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji, kafin su dawo su zauna a Omdurman. Sau ɗaya ta gan ta, da hantsi, tana gudu a kan yashi. Ban san shekararta nawa a lokacin ba. Ita ma, ina jin, ba ta sani ba.

A wani lokacin zafi, sa'ad da ko ruwan randa ba ya sanyi, idonta ya yi rauni. Ta miƙo mini ƙyallen ta ce in ƙarasa mata fikafikan. Ina aji shida, kuma akwai hoton jimina a littafinmu na makaranta. Na gwada su, sai na ga tata ta yi ƙanƙanta, wuyan bai kai ba, ƙafafun ma haka. Na zata tsufa ne. Ka yarda da ni, taimako na yi niyya. Na warware wuyan da ƙafafun, na sake su daidai da littafi, kwana tara ina yi.

Ta karɓa, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga kai har ƙasa.

"Ustaza," in ji ta, tana dariya, "wannan ai ta nan ƙasar ce, ta Kurdufan. Tawa ba ta kai haka ba."

"Haka take a littafi, Kaka."

"To. Littafin ya je Madina a ƙafa?"

Ta linke shi ta ajiye, ba ta sake ɗaukar allura ba har ta rasu.

Sai a jami'a a Khartum na karanta cewa an taɓa yin wata jimina a ƙasar Larabawa, ta ɗan fi tamu ƙanƙanta, kuma mafarauta sun ƙarar da ita. Ba zan rantse cewa ita kakata ta gani ba. Wataƙila idon yarinya ne. Amma na daɗe zaune a ɗakin karatu ban juya shafin ba.

Yanzu ƙyallen yana hannuna, ina ƙoƙarin mayar da jiminar yadda ta ɗinka ta. In na ɗaga shi a rana, ina ganin ramukan allurarta, sai dai sun cakuɗe da nawa. Wuyan na samo shi, ko dai ina zaton na samo. Ƙafafun kuwa wata uku ke nan, in yi layi huɗu in warware uku. Tsofaffin unguwa da suka yi wannan tafiya duk sun rasu, yaranmu ma Larabci ya fi musu sauƙi a baki.

Jiya mahaifiyata ta tarar da ni ina warwara.

"Ke dai ki ƙarasa yadda ya samu," ta ce. "Wa zai sani?"

Gaskiyarta, ba wanda zai sani. Abin da ya hana ni ke nan.