Sitiyarin Marigayi

Jama'a, wallahi abin nan da ni ya faru, ba a majalisa na ji shi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun baya ina kanikanci a wani gareji a Unguwar Shanu, inda muke tayar da tsofaffin motoci irin na manyan ma'aikatan da, mu kankare tsatsa, mu yi fenti, mu ɗinke kujeru, masu sha'awa su zo su saya. Mai garejin, Alhaji Sabo, yana da wata muguwar ɗabi'a: in motar sayarwa ta rasa wani abu na asali, sai ya sa a cire na motar da mutane suka kawo gyara, a liƙa musu jabu.

To akwai Hajiya Asabe ta Unguwar Sarki, ƙawar mahaifiyata, a gabanta na girma. Mijinta ya rasu ya bar motarsa a rufe, tana so a tayar mata da ita. Ni da bakina na ce ta kawo wajenmu, ko ƙusa ba za ta ɓata ba. Motar tana da farin sitiyari na asali, gefen dama ya ɗan lotsa ya yi duhu inda marigayi yake ɗora babban yatsansa.

Alhaji na ganinsa ya ce in cire in sa a wata baƙar mota da wani mutumin Abuja yake son saye. Na ce, "Haba Alhaji, amana ce fa, kayan mamaci ne." Ya ce, "Tsohuwa ce, ina ta san sitiyari?" Na ƙi fur. Ashe ranar da na fita neman kayan gyara ya sa wani ya yi aikin a bayan idona.

Ranar gwaji, bayan azahar, rana ƙwal, Alhaji ya ce in ja baƙar motar, shi a gefena, mai saye a baya. Ina kama sitiyarin yatsana ya faɗa cikin lotsawar nan. Na kalle shi, ya harare ni, ga baƙo a baya, na haɗiye na ce a raina in mun dawo za a yi ta.

Niyyarmu mu zaga ta Unguwar Kanawa mu dawo. Muna isa mararraba na murza hagu, sitiyarin ya ƙwace ya yi dama. Ni fa na saita ƙafafun motar nan, lafiyarta ƙalau! Na taka birki, kamar na taka soso. Kuma ba gudu take ba, a hankali take tafiya irin tuƙin dattijo, tana kauce wa ramuka. Alhaji yana ta yi mini ihu, "Kai, ina za ka kai mu?" Na ɗaga hannuwana biyu sama ya gani da idonsa, mai saye kuwa sai salati yake.

A ƙofar gidan Hajiya motar ta tsaya ta mutu. Sai ga Hajiya ta fito da sauri ko takalmi babu. Ta leƙo ta taga, ta ga sitiyarin, ta sa yatsa a gurbin nan, sannan ta dube ni ta ce, "Har da kai, ɗan nan?" Na yi ta rantsuwa, na juya ga Alhaji ya wanke ni, mutumin nan ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ne ban yafe ba.

A ranar na mayar da sitiyarin kan motar marigayi, na kwashe kayan aikina na bar garejin. Amma har Hajiya ta koma ga Allah ba ta sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Daga baya mahaifiyata take gaya mini abin da ya fito da ita ba takalmi. Wai hon ɗin mota ta ji, gajere sannan dogo, yadda maigidanta yake yi in ya dawo daga ofis. Mu da muke cikin motar babu wanda ya ji komai. Kuma da na zo cire sitiyarin, wayar hon ɗin a sake na same ta tana lilo, wanda ya ɗaura shi bai ma haɗa ta ba.

Ni dai ban san ko mene ne ba, Allah ne masani. Amma in kun kai motar iyayenku gyara, ku riƙa leƙawa da kanku. Ku kuma 'yan'uwana kanikawa, ku cire hannunku daga kayan wanda ya rasu, don ba ku san wa yake kallo ba.