Damaris da Kunun da Ba Sadaka Ba

Kafin motocin Maraɗi su fara lodi, Damaris ta riga ta ɗora tukunya a bayan tashar Jibiya. Ita ce shugabar matan da ke dafa wa mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, masu kwana a rumfunan kasuwa da barandar shaguna. Ba albashi, ba ofis. Wani ya kawo tiyar gero, wani kuka, wani itace, ita kuma ta san yadda za ta sa ya isa. Yanzu hayaƙi ya ci mata ido, za ta miƙa muciya ga mataimakiyarta Hasiya, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Abin da ya sa nake ganin girmanta ya faru ne a kan Baba Kalilu, wani dattijon manomi da aka ƙone wa rumbuna. Ya iso da jikokinsa, ya tura su layin abinci, shi kuwa ya juya wa tukunya baya. Hasiya ta kai masa kwano har inda yake, ya ture.

"Ni da nike hidda zakkar hatsi, yau ni za a ba sadaka? Ɗauke, ɗiyata."

Aka yi lallashi, liman ma ya yi magana, a banza. Ruwa kawai yake sha. Leɓensa ya tsage, salla ta koma a zaune, daga baya ko zaman ya fara gagara. Ni kaina na ji haushinsa, na kuma ji tsoro, don kowa ya ga inda abin ya nufa, ga jikoki ba su da kowa sai shi.

Ran nan Damaris ta ɗauki kunu a ƙwarya ta nufe shi, fuska a ɗaure. Muka bi ta da ido. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, taimako na zo nema. An kawo muna gero, ban yarda da shi ba. An ce ka san hatsi. Ɗanɗana ka hwaɗa mani, kada in ba yara abin da za ya ɓata masu ciki."

Ya dube ta ya daɗe. Wallahi ya gane wayo ne. Ta miƙa masa ludayi, ba ta janye ba. Da ya ture a wannan karon, babu sauran dabara.

Ya karɓa ya kurɓa, ya juya a baki.

"Baiwar Allah, an cuce ki. Wanga gero ya kwana biyu cikin buhu."

"Ƙara dai, Baba, ka tabbata."

Ya ƙara. Sai da ƙwarya ta yi rabi ya ajiye, ya ce gobe ta kawo hatsin ya duba kafin a jiƙa. Hasiya ta koma bayan rumfa ta yi kukanta.

Damaris, ke ce kika gane cewa wanda ya saba bayarwa, karɓa ta fi yunwa yi masa ciwo. Tun daga ranar kika hana faɗin kalmar sadaka a bakin murhunki. Wannan ya faskara itace, waccan ta yi tankaɗe, kowa ya ci guminsa. Kina zuwa coci, suna zuwa masallaci, ba ki taɓa tambayar kowa ba kafin ki zuba masa. Uwar marasa masauki, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar ido.

Ku kuma da Allah Ya rufa wa asiri, murhun nan bai mutu ba. Ku kai abin da ya samu, ku bar wayar ɗaukar hoto a aljihu. Sai dai ku tabbata geron mai kyau ne, don Baba Kalilu yana nan da ransa a bakin buhu, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.