Siririyar Baget a Bakin Rijiya

Na yi wa rijiyar garinmu walda, waldar ta tsage ƙanena yana rataye a ciki. A nan na bar yatsu biyu.

Walda ba sana'ata ba ce. Gadi nake yi a Damagaram. Wani tsohon injin walda na saya a hannun mai barin gari, na ajiye shi a zaure, ranar hutu in ja wuta in yi ta wasa da ƙarfe. Murhu, kujera, ƙyauren ɗaki. Ba wanda ya koya mini. Kallo na yi a bakin garejin wani tsoho har na ga yadda ake riƙe hannu.

Sandar da ake narkawa, baget ake ce mata. Masu shago da lamba suke kiran ta, ni kuwa ban yi makaranta ba, da yatsa nake gane ta. Akwai siririya, akwai ta tsakiya, akwai mai kauri kamar alƙalami. Siririyar nake so. Da ka goga ta kama, ba ta manne wa ƙarfe, layinta yana fita lafiya kamar ɗinkin hula. Mai kaurin a injina sai gardama. Ta manne, inji ya yi gurnani, fitilar maƙwabta ta yi ja, mata su leƙo ta katanga suna tambaya wa ke shanye musu kuran, wato wutar lantarki.

Garinmu yana ƙasar Dogo. Ƙanena yana can, shi ke yasar rijiya duk bazara idan ruwa ya ja baya. Ba yaro ba ne, gemunsa ya fara furfura, 'ya'yansa shida. Wannan shekarar gara ta cinye itacen da ake rataya igiya. Da na je gaisuwa na ce a bar itace, ni zan kawo ƙarfe. Ba wanda ya roƙe ni. Ni na ce.

Ƙafafu biyu na bututu, da ƙarfe mai nauyi a gicciye a samansu. Wannan yana zaune ne a kan ƙafafun, nauyi ma ƙara danne shi yake. Amma a ƙarƙashinsa sai an liƙa kunne, inda ake rataya puli, abin nan mai juyawa da igiya ke bi. Kunnen ba abin da ke riƙe shi sai walda. Kaurinsa ya kai babban yatsana.

Na je sayen baget. Mai shago ya ce, "Malam, me za ka liƙa?"

Na nuna masa babban yatsana, na ce ƙarfe mai kaurin haka.

Ya ce, "To ɗauki mai kauri."

Na ce injina ba ya jan ta.

"To kai wa masu babban inji mana."

Na ce a ba ni siririya. Ya ba ni. Shi ɗan kasuwa ne, ya faɗi tasa ya gama.

Layin ya fita da kyau. Na ƙwanƙwashe ɓawon da ke saman waldar, na shafa fenti. Aka ɗora a amalanke daga bakin hanya, gari ya fito kallo.

Da hantsi aka fara. Ƙanena ya ɗaura igiya a ƙugu, ya dubi ƙarfen, ya dube ni.

"Yaya, in ya karye kai za ka riƙe mini matata da 'ya'ya."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Rijiyar ta fi gaba ashirin. Maza biyar ke kan igiya. Suka zura shi har ƙasa, aka shiga jawo laka guga bayan guga. Ina tsaye a gefe ina jin ana yaba aikina. Da rana ta take ya girgiza igiya, a fito da shi.

Ya kai kamar rabi sai na ji ƙit. Ƙara ce ƙarama, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Ba wanda ya ji sai ni, don ni kaɗai ke sauraron ƙarfen. Na ɗaga kai. Fenti ya tsage a gindin kunnen, tsagar kamar gashi ɗaya. Suka sake ja, ta buɗe baki.

Ina saurayi rijiya ta taɓa rufta mini, na wuni da ƙasa har ƙirji. Mota ta taɓa mutu mana a hanyar arewa, muka binne mutum uku. Ban san tsoro irin na ranar nan ba.

In na yi ihu, wani zai firgita ya saki, ko su fizga. Fizga ɗaya ta isa. In aka mayar da shi ƙasa, nisan ɗaya ne da sama. Na ce a hankali, "Ku tsaya. Kada wanda ya motsa."

Wanda ke gaba a kan igiyar ya ce, "Lafiya?"

"Ku tsaya kawai."

Ya bi idona da kallo. Ya gani. Ya fara salati a ƙasan maƙoshi.

Daga ciki muryar ƙanena ta taso. "Kai, kun tafi cin tuwo ne kun bar ni a nan?"

Ya sake kira.

"Yaya?"

Na ce, "Igiya ce ta sarƙe. Kada ka motsa."

"Ina zan je?"

Akwai igiyar guga a ƙasa. Na ɗauka, na hau bakin rijiya. Ban duba ƙasa ba. Na zura ta cikin ƙugiyar puli, na zagaya ta saman ƙarfen gicciye. Sau ɗaya. Bakin igiyar ya kuɓuce mini, na sake kamawa. Sau biyu. Ina jin ƙit, ƙit, daidai kunnena. Sau uku. Na ƙulla, na sa hannun hagu a ƙarƙashi ina son in gyara zaman igiyar, sai kunnen ya rabu.

Puli ya faɗo kamar taƙi ɗaya ya tsaya. Igiyar ta ɗauki nauyin mutum gaba ɗaya, yatsuna biyu suna tsakaninta da ƙarfe. Na ji ƙanena ya bugi bango, ya kira sunan Allah. Maza biyar ba wanda ya saki. Allah ya saka musu.

Na ce, "Ku ja."

"Hannunka fa?"

"Ku ja!"

Suka ja. Kowane ja ina jin sa har cikin haƙorana. Ban san tsawon lokacin ba. Da na ga kansa, duk laka, sannan na yarda in ji zafi.

A likita aka ƙarasa cire yatsun. Da na samu sauƙi na ɗauki kunnen na kai wa tsohon nan mai gareji. Ya juya shi, ya nuna mini inda ya rabu. Cikin sumul, wuta ba ta taɓa shi ba. Waldar a bisa ta tsaya, kamar miyar da ta bushe a bakin kwano.

Ya ce, "Wa ya yi wannan kwalliya?"

Na ce ni ne.

"Ƙarfe mai kauri, baget mai kauri, wuta mai ƙarfi. Ka fere bakinsa, ka cika, ka share, ka sake cikawa. Siririya ta kwanon rufi ce da ƙafar kujera. In injinka bai iya ba, aikin ba naka ba ne."

Na koma gari na gaya wa ƙanena ba igiya ba ce ta sarƙe, kuma an gaya mini tun a shago ban ji ba. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Na sani tun ina ciki. Muryarka ba ta taɓa yin haka ba." Matarsa ta yi wata biyu tana gaishe ni daga bayan zana.

Yanzu ina unguwar Birni a nan Damagaram, ina gadin wani ɗakin ajiyar hatsi. Injin yana zaure. Ina liƙa murhu da kujera, abin da ke zaune a ƙasa. Abin da mutum zai rataya a jikinsa, ba na taɓawa.